Dodannin Tagulla da Ƙaramin Ɗaki

Litinin 3 ga Nuwamba, bayan la'asar. Vénissieux, Faransa.

Na raka su tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu. Yaya Halimatou, yayar Zouera, ce ta riƙe ta, ni na riƙe jaka. Zouera ba ta iya miƙewa sosai tukuna saboda ɗinkin tiyata, tafiya take kamar mai taka ƙaya. A bakin jirgi na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta ce, "Amin." Iyakar abin da matata ta ce da ni yau ke nan.

Yaya ta ce gidanta na Bobigny, kusa da Paris, ya fi mata. Can akwai mata, akwai mai dama mata kunu, akwai mai dafa mata ruwan wanka. Gaskiyarta. Ni me na iya? Tuƙin tram, jirgin nan na cikin gari, da tara tsofaffin ƙarafa.

Na dawo na yi tuntuɓe da kwalayen nan a soro. Ƙofar ƙaramin ɗaki a rufe take. Na bar ta.

Talata 4, da hantsi.

Na kira. Yaya ta ce tana barci.

Talata 4, da yamma.

Kwalayen sun tare hanya, sai na karkace nake wucewa banɗaki. Kurtunan tawada ne a ciki, duka abin da na tara tun zuwana ƙasar nan.

Na farkon a kasuwar tsofaffin kaya ta bakin kanal na gan shi, can Villeurbanne, wata Lahadi da ba ni da inda zan je. Ɗan abu ne na tagulla, da wani maciji mai ƙafafu da gemu ya naɗe murfin. Na buɗe, sai ga busasshiyar tawada a gindin ƴar kwalbar da ke ciki, sai na tuna kurtun Baba a zaurenmu na Birni, a Damagaram. Nasa ƙwarya ce, babu ko ɗigon ado. Ban san abin da ya haɗa su a raina ba. Na saya dai.

Daga baya na san Madame Sofia, mai rumfa a kasuwar Saint-Ouen a Paris. Ita ta gaya mini ba a ƙasar Sin aka ƙera yawancinsu ba, maƙeran Faransa ne na zamanin da suka yi ta kwaikwayon kayan Sinawa. Ina da mai rufi hawa-hawa da ƴan ƙararrawa, da kunkuru, da wani masunci mai malafa zaune a kwale-kwale, kurtu ɗaya gabansa ɗaya bayansa. Zouera ba ta taɓa kiransu da komai ba sai "dodanninka".

Fiye da shekara goma ƙaramin ɗakin nasu ne, don babu wanda ya zo ya kore su. Sai cikin watan Agusta ta tsaya a ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a kan ciki, ta ce, "Malam, ka gaya wa dodanninka su nemi masauki, mai ɗaki na tafe."

Ina waƙa na naɗe su a jarida. Ni, Chaibou, ina waƙa. Na cire katakan bango, na shafe ɗakin da fenti ruwan ɗorawa. Na yi wa Madame Sofia alkawarin kai mata su bayan suna.

Laraba 5, bayan azahar.

Mahauci ya kira. Ya ce ya yi ta nemana a waya, ragon yana nan, yaushe ne sunan? Na ce ya yanka ya kai masallaci a raba. Can ya ce, "Inna lillahi." Na ce na gode, na kashe.

Na kira Bobigny. Tana barci.

Juma'a 7, bayan sallah.

Mutane sun biyo ni gida daga masallaci. Malam Sabo, maƙwabcinmu na hawa na ƙasa, shi ya dafa shayi, don ni na manta inda Zouera ke ajiye sukari. Shi ne ya tsaya mini ranar da muka je maƙabartar Bron. Shi ya ce in miƙo masa jaririyar, na kasa, ya bar ni na sauka da ita da kaina. Ba ta kai nauyin masuncin nan ba.

Kowa da abin da ya kawo. Sai haƙuri. Allah ya sa mai ceto ce. Allah ya ba da mai amfani. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya dafa gwiwata ya ce, "Ruwa ne ya zube, Chaibou, tulu bai fashe ba." Na ce haka ne. Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Amma ni na ga ruwan nan, yana da yatsu.

Asabar 8, da safe.

Na ci burodi. Ban buɗe ɗakin ba.

Lahadi 9, da hantsi.

Madame Sofia ta kira, muryarta kamar ƙararrawa. "Alors, le papa? Namiji ko mace?" Ta ce ta samo wa kunkurun mai so, wani likitan haƙori, kuma ta saƙa ƴar hula da hannunta, in zo in karɓa.

Na ce, "Mace."

Ta yi ta murna. Na ce ina kan aiki, zan kira ta. Ba na kan aiki. Ina zaune a ƙasa a soro.

Lahadi 9, bayan la'asar.

Na buɗe kwali ɗaya. Na ce dubawa kawai zan yi ko sanyi ya taɓa su.

Abu na farko da Madame Sofia ta koya mini shi ne kada a goge tsohuwar tagulla. Duhun nan da ke jikinta, da ɗan koren da ke kwance a lunguna, shi ne shekarunta, in ka cire ka cire darajarta. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na ɗauko macijin nan na farko, na ɗauko maganin da Zouera ke goge tire da shi, na zauna. Ban tashi ba sai da aka kira magariba a wayata. Yanzu yana ƙyalli kamar ɗan kunnen ƙarya. Na lalata shi. Yatsuna sun yi baƙi, kuma tsawon lokacin nan ban yi tunanin komai ba, don haka ban san ko asara na yi ba.

Litinin 10, da yamma.

Tana barci.

Wane irin barci ne wannan, Yaya?

Laraba 12, bayan azahar.

Na koma aiki. Shef, ogan aikinmu, ya ce ina da sauran hutu, na ce zaman gida ya ishe ni.

Da safe lafiya lau. Wajen tsakar rana, a tashar da ke gaban kasuwar Minguettes, wata mata ta shigo da keken jariri. Kullum suna shigowa, ba wani abu ba ne. Ta madubi na ga ta sunkuya tana gyara bargo, wata ƴar ƙafa ta fito, babu safa. Na ce a raina, sanyin nan, a sa mata safa mana. Fitila ta ba ni hanya ban tashi ba. Ta sake ba ni. Mutane suka fara buga gilashi, rediyo na kiran lambata, ina ji, hannuna na kan abin tuƙi, ya ƙi motsi.

An aiko wani ya karɓe ni. Shef bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Rentre chez toi, Chaibou." Ka tafi gida. Na tafi gida.

Alhamis 13, da safe.

Yau Yaya ba ta ce tana barci ba. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa, na ji ƙarar rufewar. Muka gaisa a gurguje.

"Chaibou, bari in gaya maka gaskiya. Tana ci, tana sallah, jikin da sauƙi. Amma bakinta a rufe. Jiya na ce mata in ta yi arba'in za ta koma ɗakinta, sai ta juya wa bango fuska."

Na ce to me zan yi?

"Kayan nan suna nan yadda kuka jera su?"

Na ce ban shiga ba.

"To ka shiga. Mace ba ta komawa ta tarar da gadon jariri yana kallonta. Ka kwashe, ka ba mabuƙata, ka mayar da ɗakin yadda ta san shi. Ni na binne biyu a Tessaoua kafin in samu Fatou, na san abin da nake faɗa."

Ta girme mu, kuma ta sani. Na ce to, Yaya.

Asabar 15, bayan la'asar.

Mun yi. Malam Sabo ya kawo sukurdireba.

Ɗakin har yanzu yana warin fenti. Ƴan riguna a ninke bisa girma, ƙanana a sama. Kwandon wanka. Man kaɗanya da mahaifiyarta ta aiko daga gida, da ƙunshin kanwa. Malam Sabo yana kwance ƙusoshin gadon jaririn yana ba ni ina zubawa a aljihu. Da muka gama ya ce matarsa ta san wata yarinya ƴar Gine da ke gab da haihuwa, ba ta da komai. Na ce a kai mata. Na roƙe shi kada ya gaya mini a wane gini take.

Na mayar da katakan. Na jera dodannin kamar da, mai ƙararrawa a tsakiya, masunci kusa da taga inda rana ke samun malafarsa. Na tsaya na duba. Wallahi ban ji daɗi ba, amma na ji kamar mutumin da ya yi abin da aka sa shi.

Na ɗauki hoto na aika wa Yaya. Na ce ta nuna mata.

Asabar 15, bayan magariba.

Zouera ta kira da kanta. Na ga sunanta a waya har na tashi tsaye.

Ba sallama.

"Ina gadon?"

Na ce Yaya ce ta ce…

"Ba Yaya na tambaya ba. Ina gadon? Ina rigunan da na ninke?"

Na gaya mata.

Sai ta ce, a hankali, da ma ihu ta yi, "Ko wata guda ba ka bari ba. Ina kwance ban san inda nake ba kuka ɗauke ta. Na farka babu ita. Abu ɗaya ya rage mini da zan taɓa da hannuna, shi ma ka kwashe. Ka share ta, Malam. Dodanninka sun koma ɗakinsu, ka huta."

Na ce, "Zouera."

Ta kashe.

Lahadi 16, da safe.

Ban huta ba.

Litinin 17, da rana.

Na je ƙofar Malam Sabo don in ce a karɓo kayan. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na tuna wata yarinya ta riga ta shimfiɗa zane a gadon nan tana jira. Na sauke hannuna.

Talata 18.

Wayarta a kashe. Yaya ta ce, "Ni ce na jawo, ka bar ni da ita." Muryarta ta yi ƙasa. Ban taɓa jin muryar Yaya Halimatou ta yi ƙasa ba.

Laraba 19, bayan azahar.

Ina wucewa ta ƙofar ɗakin iska ta kaɗa ƴan ƙararrawan nan. Na rufe taga. Na rufe ƙofa. Ina kicin ina jin su, alhali na san ba sa motsi.

Juma'a 21, da yamma.

Na sauke su duka. Ban nemi jarida ba, tawul da tsofaffin rigunana na naɗe su da su, na cusa a babbar akwatin da muke zuwa gida da ita. Da ƙyar ta rufu. Gobe Paris.

Asabar 22, da rana. Saint-Ouen.

Tagulla na da nauyi. Tayar akwatin ɗaya ta karye a matakalar metro, na yi ta jan ta kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Madame Sofia na cin miya a cikin rumfarta, da mayafi biyu a wuya. Ta gan ni ta tashi da hannuwa buɗe, ta juya za ta ɗauko wani ƙunshi a bayan kanta, sai ta sake dubana. Ta mayar da ƙunshin. Ta jawo mini kujera.

Na gaya mata da Faransanci. Ashe ya fi sauƙi da harshen da ba naka ba, kalmomin ba su san ka ba. Wannan ne karo na farko da na faɗe shi da bakina daga farko har ƙarshe. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Na buɗe akwatin na ce ta ɗauke su duka, yadda ta ga dama, ba na son sake ganinsu. Ta warware tawul ɗaya, sai ga macijin da na goge. Ta juya shi, ta dube ni. Ta mayar ta naɗe.

"Non, Chaibou. Ba wannan watan ba."

Na ce roƙonta nake.

Ta ce shekara talatin tana wannan sana'a, ta san masu kawo kaya da irin fuskata. Sukan dawo bayan shekara suna neman abinsu, ta riga ta sayar, su tsaya a nan suna kallonta kamar ita ta yi musu. "In bazara ta yi har yanzu ba ka son su, ka kawo, zan karɓa. Matarka ta ce ka rabu da su?"

Na ce a'a.

"To me ta ce?"

Na ce ta ce na share yarinyar.

"Kuma ka zo nan da akwati ka sake share wani abu. Ina take?"

Na ce Bobigny.

"Bobigny na nan bayan kunnenka. Me kake yi a rumfata?"

Asabar 22, bayan la'asar. Bobigny.

Fatou ce ta buɗe, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kalli akwatin ta kalli uwarta. Yaya ta ce, "Sannu da hanya. Ka zo lafiya? Ya sanyi?" Muka gaisa sosai, har da tambayar Malam Sabo da iyalinsa, duk don kada mu kai ga abin da ya kawo ni. Daga nan ta ɗauki mayafi ta ce za su sayo nama ita da Fatou. Firjinta cike yake da nama.

Zouera na zaune a ƙasa a falo, ta jingina da kujera, da safa a ƙafa. Ta rame. Na zauna a ƙasan ni ma, ba kusa sosai ba.

"Mene ne a akwatin?"

Na ce su ne. Na kai su ne a sayar, an ƙi karɓa.

"Har dodannin ma an ƙi su." Ba dariya ta yi ba, amma gefen bakinta ya motsa. Sai ta ce, "Ni ban ce ka sayar ba."

Na ce na sani. Na ce ban san abin da zan yi ba ne, duk abin da na taɓa sai ya lalace. Na ce ta yafe mini kayan.

Ta daɗe tana jan zaren bargon da ke cinyarta.

"Kowa na ce mini in yi haƙuri. Ina yi. Amma ba wanda ya gaya mini komai. Yaya ba ta gan ta ba. Ungozomar asibiti ta ce akwai hoto a ajiye, duk ranar da na so. Ba na son hoto." Ta ɗago ta dube ni, rabon da ta dube ni tun kafin a tura ta ɗakin tiyata. "Kai ka riƙe ta kwana biyu. Da wa ta yi kama?"

Na gyara zama. Ta jira.

Na ce tana da gashi. Baƙi wuluk, cike da kai, har ya sauko goshi, a kwance kamar an shafa mai. Na ce kunnuwanta naki ne, ƙanana, na hagu ya ɗan lanƙwashe a sama. Yatsun ƙafarta dogaye irin na gidanmu, na biyun ya fi babban. Ta kama ɗan yatsana ta cikin ramin akwatin gilashin da aka sa ta a asibiti, riƙo na gaske, ba wasa ba. Na yi mata kiran sallah a kunne, na raɗa mata sunan da kika zaɓa, ta ɓata fuska.

"Ta ɓata fuska?"

Na ce ƙwarai, ta haɗe gira, sak Yaya Halimatou in an saka wa miya gishiri da yawa.

Wani sauti ya fito mata, rabi dariya, sai ya karye. Ta kifa kai a gwiwata. Na ji hawayen sun ratsa wandona. Ni ma ban riƙe nawa ba, ban ga amfanin riƙewa ba.

Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Sake faɗa. Daga gashin."

Na sake.

Na yi ta faɗa har su Yaya suka dawo. Na ji sun buɗe ƙofa, sun tsaya, sun sake ja a hankali sun koma waje.

Lahadi 23, da hantsi.

Na kwana a falo. Akwatin na ƙarƙashin gadon Fatou. Yaya ta ce in bar ta nan, ba ta cin tuwo.

Zouera ta ce ba za ta jira arba'in ba. Yaya ba ta hana ta ba.

Talata 25, bayan la'asar. Vénissieux.

Mun iso. Ta shiga ƙaramin ɗakin ita kaɗai, babu komai a ciki sai katakai da fenti. Ta jima. Ban bi ta ba, na dafa ruwan zafi. Da ta fito ta nuna mini inda sukari yake.

Ba mu warke ba. Da rana ta yi kuka a kan tawul ɗin da ba ta gani ba, ni kuma na yi mata tsawa a kan abin da bai kai ba, daga baya muka ci abinci.

Gobe da safe za mu Bron. Ta ce in nuna mata wurin, in tsaya daga baya, tana da maganar da za ta yi da ƴarta. Ta tambaye ni ko an rubuta suna a allon. Na ce an rubuta. Ta ce da wane harafi, na ce da boko. Ta ce in faɗa mata yadda aka rubuta, kada a ce an yi kuskure.

Na ɗauko biro zan nuna mata a bayan ambulan, sai ta ce in rubuta a inda ba za a yar ba. Na rubuta a littafin nan.

Shafa'atu Chaibou.

Ta duba, ta ce daidai ne.